Wai babu kompaila alhali gcc na nan: yadda muka haɗa GMP da PARI/GP ba tare da ikon admin ba

Abin ya faru ne wajen ƙarshen daminar 2025, a ɗakin kwamfutoci na wani sashen lissafi, kuma wanda abin ya sama wani ɗalibi ne mai digiri na biyu da yake aiki a kan lambobin Mersenne, wato ka jera 2 guda p ka ninka su da juna sannan ka cire ɗaya. Aikinsa shi ne ya riƙa bi ta kansu da gwajin Lucas-Lehmer yana gane wacce ce firam, wato wadda ba ta rabuwa sai da ɗaya ko da kanta, yana kuma auna lokacin da kowace take ci. Manhajar da malaminsa ya ce ya yi amfani da ita ita ce PARI/GP, wadda Henri Cohen da abokan aikinsa suka fara a Bordeaux ta ƙasar Faransa, masu nazarin lambobi sun san ta sosai kuma kyauta ce.

Kwamfutocin ɗakin an ɗora musu Fedora 42 ne, wani nau'in Linux, ba a haɗa su da intanet ba, sannan wanda kalmar sirrin admin take hannunsa ya yi tafiya. Wannan shi ne silar duk wahalar, don da yana nan da umarni ɗaya na dnf, manhajar saka shirye-shirye ta Fedora, ya isa a saka pari-gp an wuce wajen cikin mintuna. Toh tunda babu, sai yaron ya yi abin da ya dace, ya sayi data ya sauke asalin kod ɗin PARI a wayarsa, ya zuba a filash ya kawo, da niyyar ya haɗa a cikin foldarsa ta gida inda yake da ikon rubutu.

PARI ɗin ta haɗu ba gardama, ya buga ./Configure (nasu da babban harafin C ne, ba kamar na sauran ba), ya buga make all, gp ta tashi tana lissafi. Sai dai da ya kai kan manyan lambobi ya ga tana jan ƙafa fiye da yadda malaminsa ya kwatanta masa, da ya nuna min rubutun da gp take fitarwa idan ta tashi sai na ga babu sunan GMP, wato laburaren GNU MP na lissafin manyan lambobi, a layin da yake faɗin irin injin lissafin da take amfani da shi. Muka koma kan abin da Configure ta rubuta a baya, ga shi nan a tsakiyar rubutun ta faɗa cewa za ta haɗa ba tare da GNU MP ba, amma da yake ba ta tsaya ba ta ci gaba abinta shi ya sa bai lura ba. PARI tana da nata injin na ninka manyan lambobi kuma amsarsa daidai ce, sai dai GMP ya fi shi gudu nesa ba kusa ba, saboda tun 1991 Torbjörn Granlund da mutanensa suke kan wannan abu guda ɗaya, har muhimman wuraren da hannu suka rubuta su a harshen asambuli, kowane irin furosesa da nasa.

Wani abu da ya ɗaure masa kai a nan, kuma yana da gaskiya, shi ne ya duba /usr/lib64 ya ga libgmp.so.10 a zaune, ya ce Malam ai ga GMP ɗin nan me ya hana ta gani. Na ce masa wannan na nan ne don shi kansa gcc, wato kompailan da yake mayar da kod ya zama shiri mai gudu, yana buƙatarsa, da shi da MPFR da MPC yake yin lissafin da yake yi lokacin da yake haɗa kod. Amma laburaren da ake gudanar da shiri da shi daban, kayan da ake haɗa sabon shiri da su daban, abin da PARI take nema shi ne fayil ɗin gmp.h da kuma libgmp.so marar lamba a ƙarshe, su kuma a Fedora suna cikin gmp-devel ne, wanda ba a saka ba kuma ba mu da ikon sakawa. Saboda haka sai dai mu haɗa namu GMP ɗin daga tushe. Na bar shi a kan zai sauko da gmp-6.3.0 ya gwada, na tafi harkokina.

Bayan kwana biyu ya same ni fuska duk ta canja. Matsala ta farko ƙarama ce ya ma warware ta da kansa, ya kwance fayil ɗin ne a kan filash ɗin kai tsaye, filash kuma FAT32 ce ba ta riƙe izinin gudanarwa na fayiloli, sai configure ta ƙi tashi tana cewa Permission denied, da ya kwafo tar ɗin zuwa foldarsa ya kwance a can sai ta tashi. Ta biyun ce ta cinye masa kwanakin. Configure tana fara dube-dubenta sai ta mutu da wannan layin:

configure: error: could not find a working compiler, see config.log for details

Ma'ana wai ba ta samu kompaila mai aiki ba. Shi kuma ga gcc nan, da shi ya haɗa PARI shekaranjiya, ya rubuta ɗan shirin C na gwaji ya haɗu ya gudu lafiya lau. Ya buɗe config.log kamar yadda aka ce masa, ya gangara can ƙasa tunda a hankalce kuskuren da ya kashe abu ai shi ne na ƙarshe, ya wuce tarin sunaye da ƙimominsu da ake jerawa a ƙarshen fayil ɗin, ya hau sama kaɗan sai ya ci karo da ld, mai ɗinke guntayen shiri wuri ɗaya, yana kukan cannot find crt1.o. Ya ɗauki wannan layin ya bincika a waya, duk amsoshin da ya samu suna cewa ya saka glibc-devel.i686, wato kayan haɗa shiri mai bit 32. Nan ya yanke cewa ba yadda za a yi sai admin ya dawo, har ya fara tunanin ya je ya ce wa malaminsa a ɗaga masa ranar gabatar da sakamako.

Gaskiya raina ya sosu da na ji haka, don ba lalaci ya yi ba, ya karanta ya bincika, hanyar ce ta kai shi inda ba nan ba. Na ce masa ɗan'uwa zauna mu sake bugawa, amma wannan karon kar ka kalli ƙasa, ka kalli allon tun daga layin farko. Da muka sake sai ga abin a fili. Configure ta GMP ba sau ɗaya take gwada kompaila ba, tana da jerin tsare-tsaren da take bi ɗaya bayan ɗaya, ta fara da ABI=64, wato tsarin bit 64, wanda shi ne na kwamfutarmu, in bai yi ba ta gwada x32, in bai yi ba ta sauka zuwa 32, sai duk sun faɗi sannan ta ce ba ta samu kompaila ba. Kukan crt1.o ɗin nan na gwajin 32 ne, wanda dama ba zai taɓa yi ba a kwamfutar da babu kayan bit 32, kuma mu ba ma neman sa. Wanda ya dame mu shi ne na farkon, kuma a ƙarshen layinsa an rubuta dalili ƙarara:

no, long long reliability test 1

Muka buɗe config.log da less muka nemi wannan jimlar, ga saƙon gcc a kusa da ita, too many arguments to function 'g'; expected 0, have 6, a ƙasa kuma an liƙa ɗan shirin da aka ba shi ya haɗa ya ƙi. Wannan shi ne amfanin config.log da mutane ba sa mora, duk gwajin da ya faɗi tana ajiye maka umarnin da aka buga da amsar kompaila da kod ɗin kansa. Sai dai fa yawancin faɗuwar da ke ciki ba matsala ba ce, haka configure take gane abin da kwamfuta take da shi da wanda ba ta da shi, ta gwada ta ga ya faɗi ta wuce, shi ya sa in ka nemi kalmar error kawai za ka samu da yawa su ruɗa ka. Allon ne yake gaya maka wanne za ka nema a ciki.

A cikin ɗan shirin akwai layi mai cewa void g(){} sannan can ƙasa an kira g an miƙa masa abubuwa shida. Yaron ya kalla ya ce ai Malam gcc ne mai gaskiya, an ce g ba ya karɓar komai kuma an ba shi shida. Na ce a dokar yau haka ne, amma lokacin da aka rubuta wannan ba haka dokar take ba. A tsohon harshen C tun zamanin Kernighan da Ritchie, in ka bar baka biyun nan babu komai a ciki, ba cewa ka yi ba ya karɓar komai ba, cewa ka yi ban faɗi abin da yake karɓa ba, saboda haka kompaila ba ya ƙirga abin da aka miƙa. In kana son ka ce ba ya karɓar komai sai ka rubuta void a cikin bakan. Haka aka zauna shekara da shekaru har C17. Sabuwar ƙa'idar C23 wadda ISO ta fitar a 2024 ita ta kawar da wannan, yanzu bakan da babu komai daidai yake da mai void a ciki, kamar yadda C++ take yi tun da can. GCC kuwa daga na 8 har na 14 in ba ka ce masa komai ba da gnu17 yake karanta kod ɗinka, sai GCC 15 da ya fito a watan Afrilun 2025 ya koma gnu23, kuma Fedora 42 tana cikin waɗanda suka fara zuwa da shi. GMP 6.3.0 kuma tun Yulin 2023 ya fito, kusan shekara biyu kafin wannan canjin. Da muka buga gcc --version muka ga 15 sai komai ya zauna daram.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne bayanin da aka rubuta a saman ɗan shirin, an ce an saka gwajin ne saboda wani gcc 3.3 na kamfanin Apple a kan furosesar PowerPC da yake faɗuwa in ya ci karo da irin wannan kod ɗin. Wato tarko ne da aka ɗana wa wani lalataccen kompaila na shekaru ashirin da suka wuce, yau ya kama lafiyayye. Ni ban ga laifin masu GMP ba a kan yawan gwaje-gwajen nan, mutanen sun sha wuya a hannun kompailoli masu fitar da amsar ƙarya, kuma laburaren da ake dogara da shi wajen lissafi gara ya ƙi haɗuwa da ya haɗu yana ba da lambar da ba ita ba. Inda nake da ƙorafi shi ne saƙon ƙarshen, da ya maimaita dalilin faɗuwar gwajin farko a nan ƙasa da yaron nan bai yi asarar kwana biyu ba.

Maganin shi ne a ce wa gcc ya koma tsohuwar ƙa'ida. Yana jin haka ya ce ya taɓa ganin wani ya rubuta CFLAGS="-std=gnu17", zai buga kenan na riƙe hannunsa. Zai wuce gwajin kam, amma akwai asara a ciki, domin in ka ba GMP naka CFLAGS, wato zaɓuɓɓukan da ake miƙa wa kompaila, to ya ajiye nasa gaba ɗaya, har da -O2 mai sa kod gudu da zaɓin da yake yi na daidaita kod da irin furosesarka, kuma littafin GMP ɗin ma ya ce in ka saka CC da CFLAGS da kanka sai ka faɗi ABI da bakinka. Mu da muka shiga wannan wahalar don neman gudu, a ce mun ƙare da laburaren da aka haɗa ba -O2, ai an yi ba a yi ba kenan. In ka saka shi a jikin CC kuwa, wato inda ake faɗin sunan kompailan, GMP zai gane gcc ne ya ɗora nasa zaɓin a kai. Ga abin da muka buga:

./configure --prefix=$HOME/local CC="gcc -std=gnu17"

Akwai masu gyara fayil ɗin configure ɗin kansa su mayar da g() zuwa g(...) kuma hakan ma yana yi, ni dai na fi son in bar kod ɗin mutane yadda suka sake shi in canja abin da nake gaya wa kompaila, saboda gobe in ya zo rubuta yadda ya yi aikinsa layi ɗaya zai rubuta kowa ya iya maimaitawa.

Gwajin ABI=64 ya ce yes, yaron ya yi hamdala, sai can gaba ta sake tsayawa, No usable m4 in $PATH. Wannan saƙon ba ya ɓoye komai, fayilolin asambulin GMP sai sun bi ta cikin m4, wani ɗan shiri mai sarrafa rubutu, kafin a haɗa su, kuma babu shi a kwamfutar. Ya ce ya ga akwai --disable-assembly ko mu saka mu huta, na ce in mun saka mun zubar da abin da ya kawo mu. Ya sauko da m4 na GNU a waya, ƙaramin abu ne, muka haɗa shi da wannan CC ɗin dai muka zuba a $HOME/local, muka ƙara $HOME/local/bin a gaban PATH, configure ta wuce har ƙarshe. Muka duba layin CFLAGS a cikin Makefile muka ga -O2 na nan da sunan furosesar, sannan muka buga make. Ana tsaka da haɗawa wuta ta ɗauke, da aka dawo da ita ban yarda mu ɗora daga inda aka tsaya ba duk da make tana iya hakan, saboda fayil ɗin da ake cikin rubutawa lokacin da wuta ta tafi zai iya zama guntu kuma make ta ɗauka kammalalle ne tunda lokacin da ke jikinsa sabo ne, sai muka yi make clean muka faro daga farko.

Da ta gama ya so ya tsallake make check saboda la'asar ta yi kuma yana ɗokin ganin sakamako, nan ma na ce a'a. Masu GMP da kansu in ka buga make install sai sun fito maka da gargaɗi a cikin akwati cewa in ba ka yi make check ba ka yi, don kompailoli suna yawan fitowa da kurakurai. Mu kuma ga mu da sabon kompaila fil wanda laburaren bai taɓa sani ba lokacin da aka sake shi, kuma sakamakon da zai fita a kundin digiri za a saka shi. Muka je muka yi sallah muka dawo, duk gwaje-gwajen sun wuce babu FAIL ko ɗaya, sannan muka yi make install.

Saura PARI. Ba a ɗora sabon Configure a kan tsohon gini, sai muka goge foldar muka sake kwance tar ɗin, muka buga ./Configure --prefix=$HOME/local --with-gmp=$HOME/local, wannan karon ya zauna ya karanta duk layin da ya fito da kansa ba sai na ce masa ba, har shi ya nuna min cewa readline ma babu, wato ba zai iya danna kibiyar sama ya dawo da umarnin baya ba. Muka bar wannan tunda bai shafi lissafi ba kuma aikinsa a fayil yake rubutawa. Da gp ta tashi sai ga GMP-6.3.0 a layin injin. Amma da yake wanda ke cikin /usr/lib64 shi ma sunansa libgmp.so.10, wannan layin kaɗai bai isa ya gaya mana wanne aka ɗauka ba, sai na rubuta masa ɗan fayil na tayar da gp wanda yake saka LD_LIBRARY_PATH, wato inda za a fara neman laburare, zuwa $HOME/local/lib, muka tabbatar da ldd cewa namu ne ake ɗauka. Da gangan ban saka shi a .bashrc ba, fayil ɗin da ake karantawa duk lokacin da ya buɗe taminal, don in yana can to duk shirin da ya tashi a asusunsa har da gcc zai koma ɗaukar namu laburaren, ba na son mu gyara ɗaya mu jagula wani.

Gwajin da muka yi layi ɗaya ne:

LL(p)=my(m=2^p-1,s=Mod(4,m));for(i=1,p-2,s=s^2-2);s==0

Muka fara da waɗanda muka san amsarsu. LL(11) ta ba da 0, wato ba firam ba ce, daidai ne tunda 2047 shi ne 23 sau 89. LL(127) ta ba da 1, wato firam ce, wannan ita ce wadda Lucas ya tabbatar da hannu a 1876. LL(521) ma 1. Sannan ya kunna agogon gp da alamar # ya buga LL(44497), lamba mai alƙaluma 13395 da aka gano a 1979, ta dawo da 1 kuma bambancin lokacin da na ginin farko ba sai an faɗa maka ba, da ido ake gani.

Bayan sati guda ya sake kirana, wai ya kwafe foldar local ɗin gaba ɗaya zuwa wata kwamfutar a ɗakin don ya raba aikin gida biyu, Fedora 42 ce ita ma kuma sunan asusun ɗaya ne, amma da ya fara lissafi sai ta mutu da Illegal instruction. Kafin in ce komai ya ce ya riga ya duba da lscpu, ta farkon sabuwa ce ta biyun kuma tsohuwar Ivy Bridge ce, sannan ya koma config.log na GMP ya ga configure ta gane irin furosesar farkon ta zaɓi asambulin da ya dace da ita. Abin da ya faru kenan, kod ɗin yana amfani da umarnin mulx wanda Intel ta fara sakawa daga Haswell a 2013, tsohuwar kuma ba ta san shi ba. Na ce masa hanya biyu ce, ko ya ƙara --enable-fat wanda zai zuba asambulin furosesoshi daban-daban a laburare ɗaya ya zaɓa lokacin da shirin ya tashi, ko kuma ya sake haɗawa a kan tsohuwar kai tsaye. Ya zaɓi ya haɗa a kan tsohuwar saboda yana son kowace kwamfuta ta yi iyakar gudunta tunda lokaci yake aunawa, kuma ya ce zai rubuta sunan furosesar kowacce a gefen sakamakonta. Shi kaɗai ya yi wannan ginin da daddare, da safe ya turo min hoton allon make check.